Shin Injin Ƙirƙirarriyar Basira Zai Iya Maye Maka Gurbin Lauya a Legas?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa da ke hayar shago a Agege ya ce shekara shida ke nan yana biyan haya shekara-shekara, sai ga mai shago ya aiko masa da takardar tashi ta wata uku. Ɗansa ya ɗauki hoton takardar ya saka wa injin ƙirƙirarriyar basira na ChatGPT, shi kuwa ya amsa cewa takardar ba ta da inganci, ya daina biyan haya ya yi zamansa, har ya kawo sunayen shari'o'i uku da ya ce Kotun Ƙoli ta yanke. Yana son ya sani ko zai iya dogara da wannan ya huta da kuɗin lauya. Yana kuma riƙe da saƙon murya na WhatsApp inda mai shagon ya yi masa alkawarin ƙarin shekara biyu. Tunda yanzu ana ƙirƙirar muryar mutum da inji, wannan saƙo zai yi masa amfani a kotu?

Amsa:

Alhaji, kada ka daina biyan haya, kuma kada ka kai sunayen shari'o'in nan uku gaban kowa kafin wani lauya ya buɗe littafi ya gan su da idonsa. Abin da injin ya gaya maka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wannan ne ya sa ya fi haɗari. Ƙarya tsagwaronta ko yaro zai gane ta. Wadda aka cuɗa da gaskiya ita ke kai mutum ta baro.

Mu fara da dokar kanta. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, a sashe na 13, ta tsara wa'adin da za a ba ɗan haya idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi komai a kai ba: mako ɗaya ga wanda ke zaune bisa ganin damar mai gida, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku ko wata shida-shida, wata shida kuma ga mai biyan shekara. Bayan wa'adin ya cika akwai takarda ta biyu ta kwana 7, wadda mai gida ke sanar da niyyarsa ta zuwa kotu ya karɓi wurinsa. Sai bayan nan ne ake shigar da ƙara. Mai gidan da ya ɓalle ƙofa ko ya cire rufi ko ya turo 'yan daba su watsar da kaya ba tare da umarnin kotu ba, shi ne ya yi laifi, kuma dokar ta tanadi tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. To ka ga in dai kai mai biyan shekara ne kuma babu wani rubutu a tsakaninku, wata uku ya yi kaɗan. A nan injin bai yi kuskure ba.

Sai dai akwai tambayoyin da kowane lauya zai yi maka tun kafin ka gama zama a kujera, kuma injin bai yi ko ɗaya ba. Akwai rubutacciyar yarjejeniya? Idan akwai, kuma ka sa hannu a kan cewa wata uku ya wadatar, to wata ukun ne zai yi aiki, domin wa'adin da ke cikin doka na wanda bai rubuta nasa ba ne. Hayar taka mai ƙayyadadden lokaci ce, wato daga ranar kaza zuwa ranar kaza? Idan haka ne kuma lokacin ya ƙare, babu buƙatar kwit notis ɗin ma, wato takardar tashin, gaba ɗaya, takardar kwana 7 kawai za a ba ka. A ina shagon yake? Dokar 2011 ta ware Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, ba ta aiki a kansu. Kai a Agege kake, ta shafe ka, amma ɗan'uwanka mai sito a Apapa da zai yi tambaya iri ɗaya, amsarsa daban ce. Sannan akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar Pillars da Desbordes, inda aka bayyana ra'ayin cewa shigar da ƙara da isar da sammaci na iya gyara tangarɗar da ke cikin takardar tashi. Lauyoyi na ta jayayya kan iyakar wannan ra'ayi, amma ya isa ya nuna maka cewa ɗan hayar da ya jingina rayuwarsa kacokan a kan kuskuren notis ya jingina da bangon kara.

Shawarar daina biyan haya kuwa ita ce mafi muni. Bashin haya yana cikin dalilan da kotu ke ba mai gida wurinsa a kansu, kuma duk watan da ka ƙara a shagon bayan ƙarewar haya za a lissafa maka kuɗinsa. Da kana da hujja ɗaya a hannunka, sai ka miƙa wa abokin shari'arka biyu.

Me ya sa abu mai kaifi haka zai yi irin wannan kwaɓa? Domin yadda aka gina shi. Waɗannan manhajoji, tun daga ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022 har zuwa 'yan'uwansa, an ciyar da su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Idan ka yi tambaya, injin yana jera kalmomi ne ɗaya bayan ɗaya bisa abin da ya fi kama da amsa. Ka ɗauke shi kamar mutumin da ya shekara talatin yana zama a barandar kotu yana sauraron lauyoyi: ya iya salon maganarsu, ya san inda ake ɗaga murya, ya san yadda sunan shari'a yake sauka a kunne. Ka ce ya kawo maka hujja, ba zai ce bai sani ba, zai harhaɗa maka suna da shekara da lambar shafi da suka yi kama da na gaske. Shi kansa ba shi da hanyar rarrabe wanda ya tuno da wanda ya ƙaga, domin duka biyun hanya ɗaya suke fitowa. Ko waɗanda aka haɗa su da intanet suna bincike kafin su amsa, sukan samo shari'a ta gaskiya su liƙa mata hukuncin da ba nata ba.

Ga kuma matsalar da ta fi shafar mu. Yawancin rubutun shari'a da ke zube a intanet na Amurka ne da Ingila da Indiya. Hukunce-hukuncen Najeriya galibinsu suna cikin littattafai da rumbunan da sai an biya kuɗi. Ko a cikin Najeriyar ma, dokar haya ta Legas daban, ta Abuja daban, ta Kano daban. Inda injin ya rasa ta Legas, sai ya cike gurbin da mafi kusa, kuma ba zai sanar da kai ya yi haka ba.

Manyan lauyoyi ma sun faɗa wannan ramin. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da shari'o'i 6 da babu su a duniya, duk ƙirƙirar ChatGPT. Abin lura a labarin shi ne lauyan ya koma ya tambayi injin ko shari'o'in na gaske ne, injin ya tabbatar masa da cewa na gaske ne. Saboda haka kada ɗanka ya ce zai koma ya sake tambayarsa. Ba a tambayar dillali ko kayansa na da kyau. A Janairun 2025 wata babbar kotu a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ta tura wasu lauyoyi gaban hukumar ladabtarwa kan irin haka. A Yunin shekarar kuma Babbar Kotun Ingila ta yi gargaɗi mai zafi bayan ta duba ƙararraki biyu, a ɗaya daga ciki shari'o'i 18 cikin 45 da aka ambata na bogi ne. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2024 ya gano cewa hatta manhajojin da aka ƙera musamman don lauyoyi, masu tsadar gaske, suna ba da amsa marar tushe a tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin da aka gwada su da su. In na kuɗi haka yake, ina ga na kyauta da ke wayar yaro.

Tantance shari'a ba wani sihiri ba ne, aikin minti goma ne ga mai kayan aiki. Shari'ar Najeriya da aka buga a NWLR, wato jerin rahoton hukunce-hukuncen da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, ana ambatonta da shekara, lambar juzu'i, lambar kashi da shafi. Wadda ke rumbun hukunce-hukunce na intanet mai suna LawPavilion kuma tana ɗauke da alamar LPELR da lamba da harufan kotun da ta yanke. Lauya zai nemo ta da wannan lamba ya ga ko sunayen masu shari'ar sun dace. Idan sun dace, zai karanta ya ga ko maganar haya aka yi a ciki ko ta fili ce ko ta zaɓe. Zai duba ko abin da aka ciro shi ne ginshiƙin hukuncin ko kuwa magana ce da alƙali ya yi a kan hanya. Zai duba ko wata kotu ta sama ta rushe shi daga baya, da kuma dokar wace jiha aka fassara a ciki. Shari'ar da ta faɗi a ɗaya daga waɗannan ba ta da amfani gare ka. Bogin da ya fi wuyar kamawa shi ne suna na gaskiya da lamba ta gaskiya amma hukunci na ƙarya, shi ya sa ganin sunan a Google bai wadatar ba.

Akwai kuma dalilin da ya wuce kuskure. Tsarin shari'a gaba ɗayansa an gina shi ne a kan mutumin da za a iya kamawa. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi kawai, ta ce dole a ga sunan mutum wanda ke cikin rajistar lauyoyi. Kotun da ta ƙi sa hannun ofishin lauyoyi ba za ta karɓi na manhaja ba. Lauyan da ya yaudari kotu ko ya yi sakaci da aikinka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da zai iya dakatar da shi ko ya soke sunansa, kuma kana iya ƙararsa. Injin kuwa tun a sharuɗɗan da ɗanka ya danna ya amince ba tare da ya karanta ba, kamfanin ya riga ya wanke hannunsa. Kana da 'yancin tsaya wa kanka a kotu ba lauya, amma duk abin da ka miƙa, kai za a tambaya.

Wannan ba ya nufin a jefar da injin. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai ya yi tankaɗe da ita. Injin yana da kyau wajen warware maka Turancin yarjejeniya zuwa magana mai sauƙi, wajen jera maka abin da ya faru kwanan wata bayan kwanan wata, wajen shirya tambayoyin da za ka yi wa lauya don kada ka ɓata awa biyu kana kewaye-kewaye, da wajen zana daftarin wasiƙar neman biyan bashi kafin ka je Kotun Ƙananan Basussuka, wadda Legas ta kafa a 2018 don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Hanyar da ta fi rage kuskure ita ce ka ba shi rubutun dokar da kanka, ka ce ya amsa daga cikinsa kaɗai kuma ya kwafo maka sashen da ya dogara da shi, sannan ka duba da idonka ko kalmomin suna nan. Ka faɗa masa jiha da shekara. Ka yi tambayar sau biyu a shafuka daban. Idan amsoshin suka saɓa, ka san yana lalube ne. Sannan ka ce ya tsaya a matsayin lauyan mai shago ya rushe hujjarka. Wannan na ƙarshen ya fi duka amfani, domin an hore waɗannan injuna su faranta wa mai tambaya, kuma yadda ka karkata tambaya haka amsa za ta karkata.

Wani abu da ɗanka ya yi ba tare da ya lura ba: ya tura takarda mai ɗauke da sunanka da adireshinka da sunan mai shago zuwa kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje. Maganar da ka yi da lauyanka tana da kariya a Dokar Shaida, ba za a tilasta masa ya tona ba. Hirarka da manhaja ba ta da wannan kariya. Nan gaba a rufe sunaye, lambar asusu, BVN da NIN kafin a ɗauki hoto, a kuma shiga saitin manhajar a kashe izinin amfani da hirar wajen horar da injin. Ga lauyan da ke zuba sirrin wanda yake karewa a irin waɗannan manhajoji, abin ya fi nauyi, domin ƙa'idojin aikinsa da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk suna kansa.

Yanzu saƙon muryar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ne ƙofar da duk wata hujja da ta fito daga kwamfuta ke bi, kuma a ma'anar dokar wayar hannu ma kwamfuta ce. Sai an nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai a lokacin, cewa irin wannan bayani ne aka saba shigarwa, cewa tana aiki daidai, kuma abin da aka kawo daga cikinta ya fito. Ana haɗawa da takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro saƙon, mai kula da ita ya sa hannu. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da shafukan da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. An yi wa dokar gyara a 2023 don ta ƙara karɓar bayanan lantarki da sa hannu na dijital.

Ka lura da abin da sashen ke tambaya: lafiyar na'ura. Bai tambayi ko muryar da ke ciki ta mai ita ce ba. Wayar da ke aiki lafiya lau za ta iya ɗauke da muryar da inji ya ƙera. Ke nan saƙon bogi na iya wuce ƙofa, naka na gaskiya kuma mai shago na iya tsayawa ya ce ba muryarsa ba ce, ƙirƙira ce. Wannan na biyun shi ne sabon ciwon kai, domin da can mai musu sai ya sha wahala, yanzu kuwa kalma ɗaya ta ishe shi ya jefa shakka. Karɓar hujja daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban, kuma a wurin nauyin ne za a yi kokawar.

Abin da ke ba saƙonka nauyi shi ne abin da ke kewaye da shi. Ka ajiye ainihin wayar da saƙon ya shigo. Kada ka sayar, kada ka yi mata wankin ƙwaƙwalwa, kada ka tura saƙon zuwa wata waya ka goge na asali, domin wanda aka tura ba ya nuna daga lambar da ya taso. Ka bar hirar yadda take da abin da ya gabata da abin da ya biyo, har da gaisuwa da maganganun da ba su da daɗi gare ka. Hirar da aka tsince ta fi jawo zargi. Ka fitar da kwafin hirar gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri. Ka nemo abin da ke nuna lambar ta mai shagon ce: rasit, kati, tsofaffin saƙonnin da ya turo lambar asusunsa ka kuma biya. Idan akwai wanda aka yi maganar a gabansa, ko wanda mai shagon ya maimaita wa, ka riƙe shi. Idan takaddama ta yi tsanani, kotu na iya sauraron ƙwararren mai binciken sauti, amma da tsada, kuma manhajojin kyauta da ke iƙirarin gano muryar bogi suna kuskure ta kowane ɓangare, ba abin kai wa alƙali ba ne. Duk da haka, alkawarin shekara biyu da baki ya fi rauni a kan layi biyu a takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma 'yan kasuwarmu sun fi kowa saninta da ka, sun fi kowa barinta a aikace.

Maganar murya ta wuce shagonka. Cinikin da ke tsakanin Mil 12 da Alaba Rago da Oko-Oba da kasuwannin Arewa, daga Dawanau zuwa Potiskum, a kan amana da murya yake tafiya. Maigida ya kira daga Kano ya ce a tura miliyan uku asusu kaza, yaro ya ji muryar ya tura. Injin kwaikwayon murya ba ya buƙatar dogon sauti, ɗan gajeren saƙo daga zauren WhatsApp ko bidiyon biki ya isa. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, alhali duk ƙirƙira ne. Da ana cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika. Maganin ba na fasaha ba ne. Duk kiran da ya zo da gaggawa da sabuwar lambar asusu, a katse, a kira tsohuwar lambar da aka sani. A sa wata kalma tsakanin maigida da yaransa wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. Kada a saki kaya don an ga alat ko hoton rasit, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin a asusu. Idan kuɗi ya riga ya fita, a kira banki nan take a ba da lambar cinikin, a rubuta ƙorafi, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, domin cikin mintoci ake rarraba kuɗin zuwa wasu asusu, kuma dawo da shi yakan buƙaci umarnin kotu. Sojan gona ta intanet laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024.

Akwai wurin da bahaushen Ikko ya fi kowa shiga haɗari, kuma ba a cika maganarsa ba: tafinta. Harshen kotu Turanci ne. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi 'yancin tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba. Kotuna sun daɗe da tsayawa a kan cewa idan an ɗauki jawabin wanda ake zargi ta bakin tafinta, sai tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba jawabin ya zama ji-ta-ji-ta. Manhajar fassara ba ta rantsuwa, ba a yi mata tambayoyin ƙure. Kuma Hausar waya, wadda ba ƙugiya ba alamar sauti, tarko ce gare ta. "Na ba shi" da "na bashi" tazara ɗaya ce ta raba su. "Baki" na iya zama na magana, ko launi, ko mutanen da suka sauka a gida. "Na kashe" a bakin ɗan kasuwa kuɗi yake nufi, a takardar caji ofis kuwa wani abu ne daban. Duk wanda aka kama, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a jawabin da aka fassara da waya. Dokar shari'ar laifuka ta Legas ta tanadi a ɗauki jawabin amsa laifi a bidiyo, ko a rubuta shi a gaban lauyan wanda ake zargi. Ya nemi wannan, ya nemi tafinta mutum wanda za a rubuta sunansa.

Haka rabon gado, tunda Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, mutane sun fara kai lissafin ga waya. Mas'ala mai sauƙi yakan dace. Amma ka ba shi mamacin da ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, inda kason magada ke zarce asalin lissafi na 24 har ya hau zuwa 27, abin da ake kira auli, ko kaka na wajen uba tare da 'yan'uwan mamaci, inda Malikiyya ke gadar da su tare Hanafiyya kuma ke katange 'yan'uwan, sai ka ga ya cakuɗa mazhabobi ya ba ka lamba da cikakken ƙarfin gwiwa. Wannan aikin malamin fara'ili ne.

Ko ba ka taɓa buɗe manhajar ba, injuna sun fara yanke hukunci a kanka. Manhajojin bashi suna auna ka da bayanan wayarka. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar kamfanin ba da bashi na Soko naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi. Kyamarorin titi suna karanta lambar mota su aiko da tara. Manhajar banki tana duba fuska. Binciken da aka yi a jami'ar MIT a 2018 ya nuna wasu na'urorin tantance fuska suna kuskure da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a kan farar fata maza, amma har kusan kashi 35 a kan mata baƙar fata. A 2020 'yan sandan Detroit a Amurka sun tsare wani baƙar fata kusan awa 30 saboda na'ura ta ce shi ne ɓarawon agogo, kuma ba shi ba ne. Tarayyar Turai, a dokarta da ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa amfani da waɗannan injuna a harkar shari'a cikin rukuni mai babban haɗari. A nan gida makamin da ke hannunka shi ne sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta 2023, wanda ya ba ka 'yancin kada a yanke maka hukunci mai tasiri bisa lissafin inji kaɗai, tare da wasu keɓance-keɓance, da 'yancin neman mutum ya sake dubawa ka kuma faɗi ta bakinka. Ana rubuta wa kamfanin tukuna, in ya yi biris a kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Mu dawo Agege. A makon nan ka tattaro yarjejeniyar haya in akwai, rasit na shekara shidan ko bayanan banki, takardar tashin da ranar da aka miƙa maka ita da wanda ya miƙa, da wayar da saƙon yake ciki. Ka ware kuɗin haya; idan lokacin biya ya yi ka biya ta banki ka rubuta abin da kuɗin yake nufi, idan mai shago ya ƙi karɓa a rubuta masa wasiƙar tayin biya a ajiye kwafi. Ka yi zama ɗaya da lauya don ya duba takardun, kuma ka ba shi sunayen shari'o'in nan uku ya duba. Idan aljihu ya yi nauyi, Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana da cibiyar sasanci ta kyauta, Citizens' Mediation Centre, mai rassa a sassan jihar, kuma rigimar mai gida da ɗan haya ita ce abincinta na kullum. Akwai kuma ofishin OPD da ke kare marasa ƙarfi. Yarjejeniyar da aka cimma a can ana rubuta ta kowa ya sa hannu, kuma a nan ne za ka nemi a mayar da shekara biyun da aka yi maka alkawari da baki ta koma kan takarda, da ranar farawa da ranar ƙarewa da adadin kuɗi.